Ranar Da Tsuntsu Ya Sauka A Kan Rediyo

"Ni da kake gani ɗin nan, in na shiga fadamar can na yi gyaran murya, babu tsuntsun da ba zai ajiye abin da yake yi ya zo gaisuwa ba. Ba koya na yi ba, a jini yake. Ɗan sunkuyar da kai."

Mai wannan magana mai aski ne. Wanda ake gaya wa kuwa wani bawan Allah ne da ke zaune a kujerarsa, an ɗaure masa ƙyalle a wuya, an aske rabin kai an bar rabi. Ina zai gudu a haka? Ai da wannan dabarar mai askin yake samun masu sauraro. Duk garin Rediyo ake ce masa, don da zarar ka zauna ya kama tasha, sai ka lalube shi sama da ƙasa ba ka ga wurin kashewa ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi: kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, benci, babban madubi da ya tsage a kusurwa, da ƙaramin madubin hannu da yake nuna wa mutane ƙeyarsu in ya gama. Shi kansa kuwa sanƙo gare shi, tal, ko gashi ɗaya babu na rantsuwa.

To aboki, kafin ka gane ciwon Rediyo sai na ɗan zaga da kai garin. Ba za mu daɗe ba, titi ɗaya ne. Ga tasha, ga kasuwa, ga makaranta, ga tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe yana kallon kowa. Arzikin garin yana can baya, wata shimfiɗeɗiyar fadama, ruwa da ciyawa da furen bado iyakar ganinka. Balbelu fari fat kamar an shanya wanki, dinya da kirinjijiya na ta hayaniya, kififiya na shan hantsi a kan itace, guza na sanɗa, kwaɗi na rera waƙar da ba wanda ya roƙe su. Sai kuma manyan gari, gauraki masu tukkun zinariya, suna taku ɗaiɗai, ba sa kallon kowa.

Labarin kafuwar garin kuwa, ko yaron goye ya san shi. Wai wani matafiyi ne mai fatauci da jakuna ya biyo ta nan, ya shiga ruwan fadamar har wuya a gindin wani itace, ya tsaya shiru yana nazarin duniya. Sai gauraka ya taso daga sama ya sauka a kansa. Mutumin ya ce wannan alama ce, nan zai zauna. Ya kafa bukka, bukka ta zama gida, gida ya zama gari. Kakan Gari ake ce masa. Babu wanda ya taɓa tambayar abin da zai sa mai hankali ya shiga ruwa har wuya don ya yi nazari, alhali ga inuwa a tudu. Rabin garin jikokinsa ne, amma in ka saurari Rediyo sai ka rantse shi kaɗai aka haifa a zuriyar.

Ana nan sai ƙungiyar ci gaban gari ta yanke shawarar a yi wa tankin ruwa sabon fenti, a zana Kakan Gari a jikinsa da tsuntsu a ka, yadda duk motar da ta shigo za ta gani. Ciyaman ɗin ƙungiyar ya ɗauko mai fenti daga birni, wani siriri mara magana. Mai fenti ya yi tambaya ɗaya tak: fuskar wa zai zana? Hoton Kakan Gari dai babu. Aka yi ta ka-ce-na-ce har Ciyaman ya bugi tebur ya ce a bar wa Gwaggo. Gwaggo ita ce mafi tsufa a garin, yayar mahaifin Rediyo ce, kuma kakarta ta ga Kakan Gari da idonta tana yarinya. Duk wanda Gwaggo ta ce shi ya ɗauko shi, fuskarsa za a zana, magana ta ƙare.

Daga ranar Rediyo ya daina ganin tanki. In ya ɗaga kai fuskarsa yake gani, girman ɗaki, tana kallon tasha. Yana son abin nan har cikin ransa, irin son da ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Shekara da shekaru yana gyara kawunan mutane suna fita ana yaba su, shi ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya kalli nasa.

Ya sayi sabulu mai ƙamshi da ganyen shayi, ya nufi gidan Gwaggo. Ya same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faranti, tabarau a kan hanci.

"Gwaggo, barka da hutawa. Ɗan kalle ni da kyau. Ta gefe, yadda hancin zai fito."

"Na gan ka," in ji Gwaggo, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Tun kana cikin tsumma nake ganinka, ban ga abin da ya ƙaru ba sai baki."

"Batun Kakan Gari ne, Gwaggo. Kowa ya ce ni na ɗauko shi."

"Kowa wa?"

"Mutane."

"Waɗanda ka riƙe wa reza a maƙogwaro?" Ta ajiye farantin. "Zauna ka ji. Ai yadda abin nan ya faru, kakata ta ce ranar da suka iso bakin ruwan..."

"Na sani, Gwaggo, na sani. Ya shiga ruwa, ya tsaya cak, ya ɗaga haɓa kamar haka, sai ga gauraka..."

Ya kwashe labarin tun daga farko har ƙarshe, ya zuba masa gishiri, har da yadda jakuna suka durƙusa don girmamawa. Gwaggo ta koma tsintar wakenta. Ta saba. Duk wanda ya zo jin tarihi wurinta shi ke ƙarewa da ba ta labarin, Rediyo kuwa bai taɓa bari ta wuce bakin ruwan nan ba.

Da ya tsaya shan iska sai ta ce, "To tunda ka riga ni sani, tashi ka ba ni wuri. Ranar da tsuntsu ya sauka a kanka sai ka zo mu yi magana."

Ni da kai mun san korarsa ta yi. Rediyo kuwa sharaɗi ya ji. Kafin yamma duk wanda ya zauna a kujerarsa ya samu labarin cewa Gwaggo ta amince, gauraka kawai ya rage.

Ya fara da kira. Ya ce tsuntsayen sun san muryar gidansu, nisa ne ke hana su ji. Ya ari lasifikar mai tallar magani, ya yi ta gwajin kukan gauraka a shago har wani mai jiran layi ya tashi ya ce ya fasa, zai tara suma. Da safe ya tsaya a bakin fadama, ya cika ƙirji, ya kafa baki a lasifika, ya saki wani abu da ba kukan tsuntsu ba, ba na dabba ba. Ya fi kama da ƙofar ƙarfe da ta shekara ba ta ga mai ba.

Fadama ta tashi gaba ɗaya. Balbelu, dinya, kirinjijiya, gauraki, har da waɗanda ba a san suna ciki ba, sama ta yi duhu, suka yi gabas. Kififiya ta faɗa ruwa. Kwaɗi ma suka yi tsit. Amsa ɗaya ya samu, daga jakin mai ɗiban yashi da ke ɗaure can gefe, wanda ya buɗe maƙogwaro ya mayar masa da martani cikin murna, ya ji muryar ɗan'uwa.

"Sun tafi sanar da na nesa ne," in ji Rediyo ga mutanen da suka taru. "Haka suke yi wa manya."

Ciyaman ya aiko masa cewa in ya sake kai lasifika fadama, to lalle zai hau tanki, amma da kansa, kuma za a janye tsani.

Da tsuntsayen suka huce suka dawo, sai ya ce a bi su ta ciki. Ya ɗebi hatsin gida ya zuba a saman wata faffaɗar malafa, ya ɗora a ka, ya zauna a bakin ruwa bai motsa ba. Kuma ka san wani abu? Dabarar ta so ta yi aiki. Gauraki biyu suka fara takowa wajensa, suna ƙwaƙule-ƙwaƙule a ciyawa. Rediyo ya ƙara kafewa, ko ƙifta ido babu. A daidai nan ya ji wani wari a bayansa, warin da ba ya buƙatar gabatarwa. Bunsurun maƙwabta ne ya biyo hatsin tun daga gida.

"Tafi," in ji Rediyo ta tsakanin haƙora, leɓe ko motsi babu. "Tafi, ɗan banza. Zan sa a yanka ka."

Bunsuru ya ɗora ƙafa a kafaɗarsa ya fara ci. Ya gama da hatsi, ya ga malafar ma ba ta da laifi, ya zarce. Rediyo ya daure, ya daure, har ya ji harshe a kan sanƙonsa. Nan haƙuri ya ƙare, ya kai mari. Gauraki suka dubi juna, suka juya, suka tafi a tsanake, ko tashi ba su yi ba don raini.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki yana ɗakin gaba. Ya shigo da abin da ya rage na malafa a hannu, tana cikin taka keke.

"Maigida, ina hatsin da na ajiye a bayan ƙofa?"

"Ya tafi aikin tarihi."

"Malafar fa?"

"Ita ma."

"To Allah ya sa tarihin ya ƙoshi, don mu yau sai dai mu ci labari."

Ya zauna ya dafe sanƙo, can sai ya miƙe zumbur.

"Na gano kuskuren. Ina ta yin dabarar kaina, alhali Kaka ya bar mana hanya a buɗe. Ruwa ya shiga har wuya, a gindin itacen can. Abin da ya yi zan yi, a inda ya yi shi."

Keken ɗinki ya tsaya. "Busasshen itacen nan? Wurin da ko shanu ba sa bi?"

"Shanu suna da tarihi ne?"

"Ba su da shi. Amma suna dawowa gida."

Ina, Rediyo ya riga ya yi nisa. Ya sa rana, ya gayyaci Ciyaman, ya gayyaci mai fenti ya ce ya zo da wayarsa mai ɗaukar hoto, ya roƙi mai yashi ya ɗauko Gwaggo a amalanken jakinsa. Sauran gari ba sai an gayyace su ba. Ya rufe shago ya tsaya gaban madubi yana gwajin irin kallon da ya dace da tanki: haɓa sama, gira a haɗe, ido can nesa, kallon mutumin da ke ganin gari a inda wasu ke ganin ciyawa. Abu ɗaya ya dame shi, sanƙon. Ya ce ƙyallinsa zai kashe wa gauraka ido. Saboda haka ranar da aka sa, ya riga kowa zuwa da sassafe, ya rataye takalmansa da ƙyallen aski a reshe, ya kwashi laka ya lafta a kansa, ya caccaka ciyawa da 'yan ƙirare a kai don ƙafar baƙo ta samu wurin kamawa. Sannan ya shiga ruwa.

Takun farko, laka ta kama shi a idon sawu. Ya yi murmushi, ya ce ƙasa ta gane jikanta. Ya ci gaba. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Ya so ya tsaya nan ya ɗan huta, ƙasa ta nuna ba ta gama gaisuwa ba. Ta yi ta jan sa a hankali har ruwa ya taɓa haɓarsa, sannan tafin ƙafarsa ya taka wani abu mai tauri ya tsaya.

"Daidai wuya," ya ce a ransa. "Kamar an auna."

Bai gwada ɗaga ƙafa ba. Me zai sa ya gwada?

Jama'a suka iso suka zazzauna a kan tudu. Ciyaman ya kafa doka, duk wanda ya yi tari a kore shi. Daga can abin da ake gani a gindin itacen shi ne wani curin laka mai ciyawa da idanu biyu.

Aka shiga jira. Matsattsaku suka samu labari suka zo suka kama wuri a cinyoyinsa. Ƙananan kifaye suka shiga rigarsa suna bincike. Wani kwaɗo ya zauna a ganyen bado daidai hancinsa, ya ƙura masa ido, bai ga abin burgewa ba, ya tafi. Duk wannan bai kai shirun ciwo ba. Ga taron da bai taɓa samun irinsa ba, gari kaf, kowa shi yake kallo, kuma ba damar ya ce uffan. Maganganu suka yi ta taruwa a maƙogwaronsa har ya ji kamar zai fashe.

Rana ta ɗaga. Mutane suka fara hamma a ɓoye, Gwaggo ta fara gyangyaɗi a kan amalanke. Sai wata inuwa ta gifta a kan ruwa. Rediyo ya ji iskar manyan fukafukai a fuskarsa, ya ji nauyi ya sauka a tsakar kansa, farata suka nutse cikin laka suka riƙe.

Daɗi ya kusa kashe shi. Ya ɗaga haɓa, ya haɗe gira, ya jefa ido can nesa. Ta gefen ido yana hango tudu: mutane sun toshe baki da hannu, wasu sun dafe ciki, Ciyaman yana share hawaye da hularsa, matarsa ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Ya ce a ransa, Allah sarki, kuka take yi, yau ta san wanda ta aura. Mai fenti kuwa ya durƙusa yana ta ɗaukar hoto.

Aboki, dubi yadda duniya take. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nuna wa mutane bayan kansu da madubi, yau ga abu a kan nasa, madubin yana can shago a rataye. Bari in ara maka ido. Gauraki suna can nesa suna kiwonsu, ko waiwaye ba su yi ba. Wanda ke tsaye a kan Rediyo zalɓe ne, dogo, ramamme, mai launin toka, fuska a murtuke. Zalɓe ba ruwansa da zuriyar kowa. Sana'arsa ita ce ya samu kututture a cikin ruwa ya tsaya a kai ya jira kifi, yau kuma ya dace da kututture mai kyau, har da ciyawa. In kuwa ana maganar jira, zalɓe ba ya gaggawa.

Haka suka tsaya su biyu, na sama bai motsa ba, na ƙasa bai motsa ba, kowa na ganin shi ne ya yi sa'a. Wuyan Rediyo ya sage. Can ya ji wani abu mai ɗumi ya gangaro daga tsakar kai, ya bi goshi, ya rabu biyu a karan hanci. Ya ce a ransa, ashe akwai abin da ba a faɗa a tarihi. Ya daure. Wani a tudu ya faɗi ƙasa yana birgima, ba sauti.

Sai kwatsam wani dogon baki ya wuce ta gaban idonsa kamar mashi, ya caki ruwa, ya fito da tarwaɗa. Tarwaɗa ta ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, ta shiga kaɗa wutsiya, ta wanke Rediyo da mari dama da hagu. Ya ɗaga ido dole. Ya ga dogon wuya mai launin toka, ya bi shi har ƙarshe yana neman tukkun zinariya, bai gani ba.

Nan Rediyo ya kama tasha. Ihun da ya yi ya fi na lasifika. Zalɓe ya dangwale kansa da ƙafa ya tashi da kifinsa, dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle a tudu. Rediyo ya yunƙura zai fito. Ƙafar dama ta ƙi. Ya tambayi ta hagu, ita ma ta ce tana nan.

"Jama'a, ku ɗan matso," ya ce. "Ba wai na maƙale ba ne. Ƙasar ce ba ta son rabuwa da ni."

Aka sauke Gwaggo daga amalanke, aka kwance jakin nan da ya taɓa amsa masa kira. Aka jefa igiya ya zura a hammata, aka ɗaura ɗaya bakin a jikin jaki. Jaki ya ja, maza suka ja, laka ta ja nata. Can aka ji wani sauti irin na cire murfin kwalba, Rediyo ya fito yana jan ciki a kan ciyawa. Rediyo dai ya fito. Wandonsa ya zaɓi zama. Matarsa ta figo ƙyallen aski daga reshe ta ɗaura masa a ƙugu, har yanzu dariya ba ta sake ta ba, hawaye kawai take sharewa.

"Ku matso mini da shi," in ji Gwaggo.

Aka tsayar da shi gabanta, laka har kunne, farin zane biyu a fuska, ciyawa ɗaya ta rage a tsaye a kansa. Gwaggo ta gyara tabarau ta dube shi sama da ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Shi ne," ta ce. "Sak. Duk zuriyar nan ban taɓa ganin wanda ya ɗauko shi kamar wannan ba."

Rediyo ya miƙe ƙirji, ya so ya ce kun ji ko, amma haƙoransa na kaɗawa, bakinsa cike da laka. Karo na farko a rayuwarsa ya buɗe baki magana ta ƙi fita. Gwaggo ta lura, ta gyara zama.

"Madalla. Yau zan ƙarasa. Kakata ta ce ranar da suka iso bakin ruwan nan, shi da abokan tafiyarsa, shayar da jakuna suka tsaya yi. Shi kuwa baki ne da shi, bai bar kowa ya huta ba tun daga gida. Ya hango dinya a ruwa, ya ce shi da hannu yake kama su, a jini yake. Suka ce to bisimilla. Ya shiga ta gindin itacen nan, laka ta riƙe shi har wuya. Kunya ta hana shi kira, ya yi shiru yana tunanin ƙaryar da zai yi. Zalɓe ya zo ya ɗauka kututture ne."

"Zalɓe, Gwaggo?" in ji Ciyaman. "To gaurakan fa?"

"Shi ya sa shi a labarin, bayan abokan tafiyar sun yi nisa. Da jaki suka ciro shi. Wandonsa yana nan ƙasa, yau ya samu abokin hira. Su suka wuce gida da labari a baki, shi kuma ya ce ko za a kashe shi ba zai koma garinsu a yi masa dariya ba. Ya kafa bukka a nan. Kunya ce ta kafa garin nan, ba nazari ba."

"Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" in ji Ciyaman.

"Wa ya bar ni?"

Mai fenti, wanda tun zuwansa garin ba a ji ya yi doguwar magana ba, ya miƙa wa Ciyaman wayarsa. Ciyaman ya duba, ya miƙa wa na kusa, ya juya baya yana tari. Hoton ya fito tas: curin laka, haɓa sama, gira a haɗe, ido can nesa, zalɓe a tsaye a kai da tarwaɗa a baki.

Rediyo ya tofar da laka ya samu murya. "Ranka ya daɗe, na janye. A ba wani. Akwai 'yan'uwa da yawa."

"A gaban jama'a muka ce wanda Gwaggo ta zaɓa, shi za a zana."

"To a mayar da shi gauraka. A goge farin nan na hanci."

"Haba Rediyo," in ji Ciyaman. "Tarihi ne fa, ba a yi masa gyaran fuska."

Mai fenti ya san aikinsa, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Fuskar ta fito girman ɗaki, kamar yadda Rediyo ya yi ta mafarki, tana kallon tasha. Direbobi suka riƙa rage gudu. Baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye suka riƙa tambayar ko mutumin yana raye, a nuna musu shago. Abin da ya fi ci masa rai, tankin yana daidai ƙofarsa, in ya juya masa baya sai ya gan shi a madubi. Masu zuwa aski suka ƙaru, amma yanzu su ke ba da labari, shi yana aiki shiru.

Da abin ya ishe shi ya koma wurin Gwaggo, ba sabulu ba ganyen shayi. Ya same ta a inda ya bar ta, da farantin wakenta.

"Gwaggo, kin gama da ni. Yanzu da wane ido zan zauna a garin nan?"

"Shi ma haka ya ce," in ji Gwaggo. Ta hure ƙaiƙayi daga farantin, ta nuna gabas da haɓa. "In ka wuce tasha ka miƙe, akwai wata fadamar, ba kowa a wurin. Ka tafi da wando biyu."